Kaktus Mai Ganye Ya Ƙi Kamawa a Azare: Ina Kuskuren Yake?

Mai tambaya, Azare:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana a kan wani tsiro da ya gagare ni kusan shekara guda ke nan. A gidan surukina da ke Jos na fara ganinsa, ya yi tsayi har ya leƙa bayan katanga, ganyensa kore shar mai sheƙi, ya fi na lemo girma da kauri, furensa ruwan hoda, a jikin rassansa kuma akwai dogayen baƙaƙen ƙayoyi da suke fitowa a cure daga wuri ɗaya. Mai gidan ya ce mini kaktus ne, wato dangin tsiron nan mai ƙaya da ke jure fari, na yi masa musu cikin ladabi, domin ban taɓa jin kaktus mai ganye ba.

Sau biyu ina kawo rassansa gida. A watan Maris na zo da guda 10, wani ya ce mini ƙa'idar kaktus ita ce a shanya reshen mako biyu kafin a kafa shi, na jera su a kan benci a zaure, kafin kwanakin su cika sun yamushe sun koma kamar karan dawa. A watan Agusta na sake zuwa da guda 8, a wannan karo ban jira komai ba, na kafa su a ƙasar lambu da na cakuɗa da takin shanu, ina ba su ruwa safe da yamma. Bayan kwana 10 gindinsu ya yi baƙi, da na zare ɗaya sai bawon ya saluɓe a hannuna, yana wari. Na shanya sun mutu, ban shanya ba sun mutu. Don Allah a nuna mini inda nake kuskure.

Tsohon malamin gona, Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi maganar magani sai an san mara lafiyar. Idan ka karya reshen, yana fitar da farin ruwa kamar nono? Na yi wannan tambaya ne domin yawancin abin da mutanenmu suke kira kaktus, musamman wanda ake shinge da shi a ƙauyukan Filato, ƙerana ce, kuma ƙerana da tinya da aguwa dangi ne guda, ba su haɗa komai da kaktus ba sai kamannin jiki. Nononsu yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa sai an garzaya asibiti. Kaktus na gaskiya asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma alamarsa ita ce wani ɗan matashi mai gashi-gashi a jikin reshe, wanda daga cikinsa ƙaya da toho da fure suke fitowa.

Idan har kaktus ne, to wanda ya ce ka shanya bai yi ƙarya ba. Mun sha kafa mai faɗin nan kamar tafin hannu, kuma ba ma saka shi a ƙasa sai bakin yankan ya bushe ya yi fata. Ina ganin zafin Maris ne ya ci rassanka na farko.

Mai tambaya, Azare:
Baba, na gode. Babu nono ko kaɗan, ruwan jikinsa garau yake, mai ɗan yauƙi kamar na kuɓewa. Matashin da ka ambata kuwa yana nan a gindin kowane ganye, launin toka, daga nan ƙayoyin suke fitowa. Ga hoton da na ɗauka a Jos na saka.

Malamar kimiyya, Kaltungo:
Na duba hoton da kyau. Wannan Fereskiya ce, kuma ga dukkan alamu nau'in da masana suke kira Pereskia grandifolia, wanda asalinsa ƙasar Burazil ne, yana kai tsayin mita 2 zuwa 5 idan ya samu wuri. An raɗa wa dangin sunan ne don tunawa da wani masani Bafaranshe mai suna Peiresc, wanda ya rasu a shekarar 1637. Surukinka ya yi gaskiya, kaktus ne, sai dai yana cikin 'yan tsirarun da ba su yar da ganye sun koma ajiye ruwa a jiki ba.

Baba, ina neman afuwa, a nan zan ɗan saɓa maka. Kaktus mai tafin hannu jikinsa randa ce, yana ɗauke da ruwan da zai ishe shi makonni, kuma ƙofofin numfashinsa da dare suke buɗewa, lokacin da iska ta yi sanyi, shi ya sa ba ya asarar ruwa sosai da rana. Fereskiya kuwa reshenta itace ne siriri, ba ta da wannan ajiya, ganyenta kuma da rana yake numfashi kamar na kowace bishiya. Duk wanda ya ajiye reshenta mako biyu a iskar Azare ta watan Maris, wadda ke busar da wanki cikin rabin awa, ya kashe shi kafin ya taɓa ƙasa. A nawa ganin shanyar da zafin duka sun yi laifi, amma shanyar ta fi, domin ko a watan Yuni aka yi ta haka, reshen ba zai kai labari ba. Kwana ɗaya a inuwa ya isa bakin yankan ya kame.

Tsohon malamin gona, Dadin Kowa:
Malama, babu afuwar da za a nema a wurin ilimi. Ban taɓa renon wannan nau'in ba, na auna shi ne da mudun 'yan'uwansa, kuma bayaninki ya shiga hankali. Na janye maganar mako biyu.

Amma kada Malam ya ji haka ya ɗauka cewa an ba shi lasisin zuba ruwa. Mutuwar Agusta ita ce ta fi damuna, domin ita ce irin wadda nake gani kullum a hannun masu son shuka fiye da kima. Reshen da ba shi da saiwa ba ya shan ruwa sosai, sai dai ya jiƙa a cikinsa. Ka haɗa masa abubuwa uku a lokaci guda: sabon rauni, takin shanu mai cike da ƙwayoyin ruɓa, da ruwa safe da yamma a tsakiyar malka, lokacin da ƙasa ba ta bushewa ko da ba ka zuba komai ba. Ko itacen rogo, da yake da taurin rai, ba zai so wannan ba. Taki abincin mai saiwa ne, ba a kai wa reshe shi sai ya kama.

Hajiya mai furanni, Gombe:
Sallama ga kowa. Ni ina da wannan tsiro shekara huɗu ke nan, ban san sunansa ba sai yau da Malama ta faɗa, mu dai a gida fure mai ƙaya muke ce masa. Zan faɗi yadda nake yi, wanda ya ga gyara ya gyara.

Ba na ɗaukar ɗanyen kan reshe mai laushi, kuma ba na ɗaukar tsohon da ya yi furfura. Na tsakiya nake nema, mai kaurin fensir, wanda ya fara barin kore yana komawa ruwan ƙasa, in yanka shi tsawon taƙi ɗaya, ya kasance yana da ido uku ko huɗu. Ƙasan nakan yanka a karkace daf da ido, saman kuma a miƙe, domin idan ganye ya zube ba ka gane kai da gindi, kuma na taɓa kafa guda biyar a kife ina ta jiran toho. Da sassafe nake yankan, da reza sabuwa. Ina cire duk ganyen in bar biyu na sama, su ma in rage su rabi da almakashi. Sai in dangwala bakin yankan a garin gawayi, in ajiye a ƙarƙashin gado har washegari.

Ƙasar kuwa yashin rafi ne zalla, wanda na wanke sau biyu har ruwan ya daina yin ja. Da farko ledar fiya wata nake cikawa in huda mata gindi, kuma tana yi, amma na lura idan rana ta bugi leda yashin yana yin zafin da ba ka iya barin yatsa a ciki, sai na koma ƙananan tukwanen ƙasa, waɗanda suke tsatsafo suna sanyaya kansu kamar randa. Ido biyu a cikin yashi, biyu a waje. Ina jera su a gindin dogon yaro ta gefen gabas, su sha hantsi su huta da rana. Ba na ba da ruwa da lissafin kwana. Yatsa nake cusawa har gaɓa ta biyu, idan ya fito da yashi a manne in wuce, idan ya fito fes in zuba rabin kofi.

Abu ɗaya da zan roƙi Malam: kada ka riƙa zare reshe kana leƙen saiwa. Yarana sun kashe mini da yawa da wannan ɗoki. Kuma kada toho ya ruɗe ka, domin reshe yana iya fitar da ganye da ƙarfin da ya zo da shi alhali ƙasa babu komai. Bayan mako uku zuwa huɗu ka ɗan ja shi a hankali, idan ya turje to ya kama.

Mai tambaya, Azare:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan bayani kamar ina tsaye a tsakar gidanki. Saura maganar lokaci. Gombe ta fi mu laima, mu nan ruwa ba ya zama sosai sai Yuni, kuma daga Nuwamba iskar hunturu ba ta barin komai. Wane wata ya fi dacewa?

Hajiya mai furanni, Gombe:
Ni dai na fi samun sa'a daga ruwan farko zuwa kafin malka. A wurinku ina ganin Yuni ne, domin iska ta yi laushi, ƙasa tana da ɗumi, kuma reshen zai samu watanni yana kafa saiwa kafin hunturu. Idan an shiga Agusta ka janye tukwanen ƙarƙashin rumfa, kada ruwan sama ya yi maka ban-ruwan da ba ka nema ba. Sannan ka sani tun yanzu cewa da rani yana zubar da ganye ya tsaya tsirara. Shekarar farko na ɗauka ya mutu, saura kaɗan in sa a tumɓuke shi, da bazara ta juya sai ga toho.

Mai kiwo, Dukku:
Ina bin wannan magana da sha'awa, ko da yake ni ba furanni ne a gabana ba. Mu a nan aguwa muke kafawa a iyakar gona, a sare reshe da rani a soka a ƙasa, ba ruwa ba taki, kuma ta kama, dabba ba ta cin ta. To wannan da yake da ƙaya irin wadda na gani a hoto, ga ganye, shin ba zai yi shinge ba? Kuma ganyen dabba za ta iya ci? Idan abu ɗaya zai tsare gona ya kuma ba awaki kore, ai ya wuce a bar shi a tukunya.

Malamar kimiyya, Kaltungo:
Alhaji, a ƙasarsa ta asali ana shinge da shi, kuma a jihar Minas Gerais ta Burazil mutane suna cin ganyen dangin nan a miya, musamman na ɗan'uwansa mai yaɗo, Pereskia aculeata, wanda ganyensa ke da yauƙi idan an dafa. Sai dai ka tuna abin da Hajiya ta faɗa: da rani yana zubar da ganye, wato a daidai lokacin da kake neman kore ba za ka samu ba, sai fa in kana ba shi ruwa. Kaktus ɗin da ake nomawa domin dabbobi a arewa maso gabashin Burazil da Tunisiya da yankin Tigray na Habasha shi ne mai tafin hannu marar ƙaya, domin shi ne ke riƙe ruwa a jiki har tsakiyar rani. Kuma Fereskiya ba za ta jure abin da aguwa take jurewa ba, ita 'yar ƙasa ce.

Ɗalibin aikin gona, Bauchi:
Iyayena da malamaina, ina neman izinin tsoma baki, domin maganar shinge ta tayar mini da hankali. Tarihin kaktus a wajen ƙasarsa ba mai daɗi ba ne ko'ina. A Ostireliya an shigo da mai tafin hannu ana shinge da ado da shi, zuwa shekarar 1925 ya mamaye kusan hekta miliyan 24 a Queensland da New South Wales, manoma suka bar gonakinsu, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ajantina mai suna Cactoblastis, aka sake shi a 1926, tsutsarsa ta cinye shi. A yankin Laikipia na Kenya har yanzu makiyaya suna kuka da irinsa, ƙananan ƙayoyin 'ya'yansa suna lalata bakin awaki da idanunsu. Ita kanta Fereskiya mai yaɗo da Malama ta ambata, a Afirka ta Kudu an haramta shuka ta, domin ta haye bishiyoyin dazuzzukan KwaZulu-Natal tana danne su, kuma duk guntun da ya faɗi ƙasa sai ya tsiro. Sauƙin kamawar da muke yabo a nan, shi ne abin da ya zame musu bala'i. Ina ganin bai kamata mu ƙarfafa wa kowa gwiwar fitar da shi gona ba.

Hajiya mai furanni, Gombe:
Ɗana, karatunka ya yi kyau, amma ka duba wanda ya buɗe maganar nan: rassa 18 ya kafa da hannunsa, yana lallaɓa su, ko ɗaya bai rayu ba. Abin da ya ƙi kamawa a tukunya a Azare, ta yaya zai cinye dajin Katagum? Shekara huɗu yana gidana, ban taɓa ganin ya tsiro inda ban kafa shi ba.

Ɗalibin aikin gona, Bauchi:
Hajiya, a kan tudun Azare na yarda da ke. Abin da nake tsoro shi ne bakin ruwa. Idan aka datse shinge aka zubar da rassan a kwari, ruwan Agusta ya kwashe su ya kai fadama ko gaɓar kogi, can akwai laima shekara duka, ga inuwa, ga yashi, wato duk abin da kika lissafa mana ɗazu.

Tsohon malamin gona, Dadin Kowa:
Yaron nan ya faɗi abin dubawa, kuma ni da nake zaune a bakin Gongola na fi kowa jin maganarsa. Mun ga yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Hadeja da Nguru, mun ga abin da kainuwar Turawa take yi a koguna, kuma babu wanda ya ɗauke su da muhimmanci a farko. Amma a yi adalci: wanda ya addabi Afirka ta Kudu mai yaɗo ne, na hoton nan kuwa mai tsayuwa ne, kuma gaɓar tekun KwaZulu-Natal ba ta san hunturu irin namu ba. Shawarata ga Malam ita ce ya rene shi a cikin gida, duk abin da ya datse ya shanya shi a kan kwano ya ƙone, kada ya zuba a bola. Shawarata ga Alhaji na Dukku kuma ita ce ya riƙe aguwarsa. Idan abincin rani yake nema, mu buɗe wata magana daban a kan marar ƙayar nan, ina da abin faɗa a kansa, har da farin ƙwaron da ya yi masa ɓarna a Tigray da Maroko.

Mai kiwo, Dukku:
Na ji, Baba, kuma zan jira waccan maganar. Sai dai ina so in ƙara wa Malam abu ɗaya da ba a ambata ba, wato gara. A ƙasar jigawa duk itacen da ka soka ita ce take fara kai masa ziyara. Kada ya ajiye tukwanen a ƙasa kai tsaye.

Malamar kimiyya, Kaltungo:
Wani ya tambaye ni ta gefe ko a shafa zuma ko a sayi hodar fitar da saiwa. Hodar ba ta cutarwa idan an samu mai kyau, amma wannan tsiro ba ya bukatarta. Zuma kuwa a wurinmu kiran tururuwa ce, na fi amincewa da gawayin Hajiya.

Mai tambaya, Azare:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata, bayan mako bakwai. Ranar 9 ga Yuni aka kawo mini rassa 12 daga Jos a cikin kwali, an naɗe su da jarida mai ɗan danshi, suka kwana ɗaya a hanya. Na sabunta yankan da reza, na bi tsarin Hajiya, sai dai na raba su gida biyu don in gani da idona: shida a tukwanen ƙasa, shida a ledar fiya wata, duka a yashin da na ɗebo a rafi na wanke. Na ɗora su a kan bulo, na zagaye bulon da toka saboda maganar Alhaji.

A cikin na tukwane biyar sun kama, ɗaya ya bushe daga sama, kuma na gane shi ne mafi siranta a cikinsu. A cikin na leda uku sun kama, biyu sun ruɓe bayan wani ruwan dare da ya same su a waje ban janye ba, ɗaya kuma akuyar maƙwabci ta shigo ta fizge shi da ledar gaba ɗaya, ƙayar ba ta hana ta ba, domin a sabon reshe ba ta yi ƙwari ba tukuna. Na yi laifin da aka hana ni sau ɗaya: a mako na uku na zazzage leda guda a tafin hannuna, na ga fararen saiwoyi huɗu sirara kamar zaren ɗinki, dukansu daga idon da ke cikin yashi suka fito. Na mayar da shi, ya yi kwana biyu a langaɓe, ya miƙe.

Yanzu takwas ɗin suna da sabon ganye, mafi girma ya kai tsawon yatsana, amma na lura ganyen biyu daga ciki ya fara yin ɗorawa-ɗorawa. Ina zaton yunwa ce, tun da yashi zalla suke ciki. Shin in juye su yanzu zuwa ƙasa mai taki, ko in jira malka ta wuce?

Hajiya mai furanni, Gombe:
Barka da arziki, Malam. Yunwa ce, amma kada ka kai su fili a watan nan. Ka samo tukunya da ta fi ta yanzu girma kaɗan, ka haɗa yashi kashi biyu, ƙasar gona kashi ɗaya, da kashin awaki wanda ya shekara ya zama gari, cikin tafin hannu ɗaya kawai. Ka jiƙa yashin kafin ka juye, domin ya fito a dunƙule da saiwar, kuma ka yi aikin da yamma. Ka fara da biyun da suka yi ɗorawa, ka bar sauran mako guda ka ga yadda waɗannan za su karɓa. Su zauna a ƙarƙashin rumfa har ƙarshen Satumba. Akuyar kuwa ta riga ta ɗanɗana, za ta dawo, sai ka nemi waya ko ƙayar magarya ka kewaye bulon tun yau.